Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Zafi, Magani Da Haske A Kan Ƙwayoyin Ciwon Daji



Da aka nemi in yi magana a wannan dare, wani abokina mai karatun tarihi ya tare ni a bakin ɗakin cin abinci ya ce, "Malam, don Allah kada ka zo mana da lissafin da zai sa mu gyangyaɗi." Na yi masa alkawarin zan rage lissafi, amma ban ce zan bar shi duka ba, domin zancen da na zo da shi zancen awo ne, kuma ran mutum ne a kan ma'aunin.

Da wuya a sami wani a zauren nan wanda bai san wata gwaggo, ko inna, ko maƙwabciya da ciwon daji ya kwantar ba. A wasu manyan asibitoci na Turai da Japan, idan mace ta zo da sankarar bakin mahaifa wadda ta wuce a yanke, akan haɗa mata abu uku: haske mai ratsa jiki, da magani ta jijiya, da zafi wanda na'ura take kai wa ƙarin na tsawon kamar awa guda. To, wa ya ce a yi haka? Wa ya yanke yawan zafin, da tsawon lokacin, da wanda za a fara bayarwa? Ba a kan gadon majinyaci aka fara neman amsa ba. An fara ne a cikin 'yan ƙananan faranta da ba su kai tafin hannu ba, a ɗakin gwaje-gwaje. Labarin waɗannan faranta nake so in ba ku.

Asalin Al'amarin

Tun 1866 wani likitan fiɗa Bajamushe, Wilhelm Busch, ya ba da rahoton wata mata da ƙarin fuskarta ya saɓe bayan wani ciwon fata ya sa mata zazzaɓi mai tsanani. A 1891 kuma William Coley, a birnin Niyu Yok, ya fara sa wa masu ciwon daji ƙwayoyin cuta da gangan don su yi zazzaɓi. Wasu sun sami sauƙi, wasu ba su samu ba, kuma ba wanda ya iya rarrabe ko zafin ne ya yi aiki ko garkuwar jiki ce ta farka. Abin da ya hana a gane shi ne rashin ma'auni.

Ma'aunin ya samu ta hanyar wata Baƙar Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, wadda ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a 1951 da sankarar bakin mahaifa. Aka yanki ɗan naman ƙarin ba tare da an nemi izininta ba, aka kai ɗakin binciken George Gey. Ta rasu a watan Oktoba na shekarar, tana da shekara 31, amma ƙwayoyin ƙarin nata suka ci gaba da rayuwa da hayayyafa a cikin kwalba har yau. Su ne ake kira HeLa. Ina so mu riƙe sunanta, domin ilmin da zan faɗa ana bin sa bashi, kuma ƙa'idar neman izinin majinyaci da ake koya mana a yau ta ƙara ƙarfi ne saboda irin abin da aka yi mata.

A 1956 Theodore Puck da Philip Marcus, a Jami'ar Kolorado, suka ɗauki ƙwayoyin HeLa suka haska musu eksire daki-daki, suka ƙirga nawa ne suka tsira a kowane mataki. Daga nan aka sami hanyar auna ƙarfin kowane makami da ake kai wa ƙwayar daji, kuma har yanzu ita ce uwar gwaje-gwajen wannan fanni.

Yadda Ake Gwajin

Manomi idan yana shakkar irinsa, yakan ƙirga ƙwaya ɗari ya shuka a gefen gida ya ga nawa za su tsiro. Gwajin nan ma haka yake. Akan raba ƙwayoyin dajin ɗaya-ɗaya, a ƙirga su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a zuba adadi sananne a faranti tare da ruwan abincinsu, a ajiye a akwatin ɗumi mai digiri 37, watau ɗumin jikin mutum. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, duk ƙwayar da ke da sauran ƙarfin haihuwa za ta tara zuriya ta zama gungu wanda ido zai iya gani. Sai a rina su da rini mai ruwan shuni, a ƙirga. Ƙa'ida ita ce ba a lissafa gungu sai ya kai ƙwaya 50.

Ku lura da ma'anar mutuwa a nan. Ƙwayar da aka haska tana iya nan da ranta, tana cin abinci, har ta rabu sau ɗaya ko biyu sa'an nan ta tsaya. A wurin mai wannan gwaji ta mutu, domin ba za ta sake tayar da ƙari ba. Wanda ya yi gaggawa ya leƙa faranti washegari zai ga ƙwayoyi cike, ya ce maganinsa bai yi aiki ba, alhali ya yi. Akwai gwaje-gwaje masu sauri, kamar wanda Tim Mosmann ya fito da shi a 1983, inda launin ruwa yake nuna yawan ƙwayoyin da ke aiki. Suna da amfani wajen tace magunguna da yawa, amma idan ana zancen haske, ƙirgar gungu ita ce alƙali.

Zafin kuwa, akan toshe kwalbar a nutsa ta cikin ruwan ɗumi mai ma'auni, tsakanin digiri 41 da 45, na wasu mintuna ƙidayayyu. Maganin akan zuba shi cikin ruwan abincin na awa guda ko fiye, sa'an nan a wanke. Hasken kuma na'ura ce take bayarwa.

Bari in gyara wani ruɗani tun da wuri. Mutanenmu da yawa suna kiran aikin haske gashi, sai a ɗauka ƙona ƙarin ake yi. Ma'aunin hasken sunansa Gray, kuma abin da akan ba majinyaci a rana ɗaya, watau Gray 2, ba ya ƙara wa nama ɗumin da ya kai kashi ɗaya cikin dubu na digiri. Aikin hasken shi ne tsinka zaren gado da ke cikin ƙwaya, wanda ake kira DNA. Saboda haka haske daban, zafi daban, shi ya sa ma ake maganar haɗa su.

Raunin Kowane Makami

Haske yana da wurare biyu da yake gazawa. Na farko, yana bukatar iskar oksijin. A 1953 Louis Harold Gray da abokan aikinsa a Ingila suka jawo hankali ga cewa ƙwayar da ta rasa oksijin takan jure haske, har sai an ninka mata shi kusan sau uku kafin a yi mata ɓarnar da aka yi wa mai iska. A 1955 Thomlinson da Gray suka duba ƙarin huhu suka ga cewa ƙwayoyin da suka yi nisa da jijiyar jini, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, sun riga sun shiga yunwar iska. Irin waɗannan su ne suke laɓewa su tsira, su dawo da ciwon bayan an sallami majinyaci. Na biyu, ƙwaya tana da zango-zango a rayuwarta, kuma a ƙarshen zangon da take kwafe zaren gadonta kafin ta rabu biyu, takan fi jure haske.

Ga inda zafi ya shigo. A 1971 Westra da William Dewey suka nuna cewa wannan zango na kwafe zare, wanda haske yake shan wahala da shi, shi ne ƙwaya ta fi rauni ga zafi. Daga baya kuma aka tabbatar cewa rashin oksijin ba ya kare ƙwaya daga zafi, kuma ƙwayar da ke zaune cikin tsami da ƙarancin abinci, kamar waɗanda ke tsakiyar ƙari, ta fi saurin faɗuwa. Bugu da ƙari, zafi yana lalata furotin ɗin da ke ɗinke zaren gado idan ya tsinke. A 2011 masu bincike a ƙasar Holan suka nuna cewa ɗumi na digiri 41 zuwa 42 da ɗoriya yana rushe wani furotin mai suna BRCA2, wanda yake cikin manyan masu ɗinkin. Watau haske ya yaga riga, zafi kuma ya kori tela.

Na ukun shi ne magani. Wanda aka fi haɗawa shi ne sisfilatin, wanda asalinsa Barnett Rosenberg ya lura a 1965 cewa wani sinadari daga ƙarfen filatinam yana hana ƙwayoyin bakteriya rabuwa. Aka amince da shi a Amurka a 1978. Sisfilatin yana liƙe zaren gado ne ya hana shi warwaruwa. Zafi yana sa ya fi shiga cikin ƙwaya, ya fi kama zaren, kuma ya hana a cire shi. A 1975 George Hahn da abokansa a Jami'ar Sitanfod suka nuna cewa digiri 43 yana ƙara wa magungunan biliyomaisin da adiriyamaisin ƙarfi ƙwarai. Amma fa ba kowane magani ne yake shiri da zafi ba. Melfalan yana ƙaruwa kamar sisfilatin. Biliyomaisin ba ya motsawa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 43. Binkiristin da metotirekset kuwa ƙaruwarsu ba ta taka kara ta karya ba. Ba don faranti ba, da sai a jikin mutane za a gano wannan bambanci.

Lissafin Da Na Yi Alkawarin Ragewa

Mai gwada abu uku dole ya shirya rukuni takwas: wanda ba a taɓa ba, da uku da aka ba abu ɗaya-ɗaya, da uku da aka ba biyu-biyu, da na ƙarshe wanda ya sha duka ukun. Kowane rukuni kuma faranti uku ko fiye, sa'an nan a maimaita gwajin baki ɗaya a wasu ranaku. Wanda ya tsallake rukuni ɗaya ba zai iya cewa ga wanda ya yi aikin ba.

Ga misali, kuma alƙaluman nawa ne don bayani kawai. A ce haske shi kaɗai ya bar rabin ƙwayoyin, magani shi kaɗai ya bar rabi, zafi shi kaɗai ya bar takwas cikin goma. Idan kowa aikinsa yake yi ba ruwansa da ɗan'uwansa, haɗin ukun zai bar rabin rabi na takwas cikin goma, watau 20 cikin 100. In aka ƙirga aka sami 20, to ba wani abin murna, tarawa ce kawai. In kuwa aka sami 2, alama ce ta cewa suna ƙarfafa juna. Duk da haka akwai tarko. Ƙwaya takan shanye haske kaɗan ta gyara kanta, sai an ƙara ne take fara zubewa da sauri. Saboda haka ko haske aka ƙara a kan haske, sakamakon yakan wuce abin da wannan lissafi ya nuna. Shi ya sa a 1979 Steel da Peckham suka fito da hanyar zana iyakar tarawa, don kada mutum ya ga tarawa ya yi shelar taimakekeniya.

Awon zafin shi ma yana da ƙa'ida. A 1984 Sapareto da Dewey suka tsara lissafin da ake amfani da shi har yau: sama da digiri 43, kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage lokacin da ake bukata da rabi, ƙasa da 43 kuwa, kowane digiri da aka rasa yana ninka lokacin sau huɗu. Minti 60 a digiri 43 daidai yake da minti 30 a 44, da minti 15 a 45, amma a 42 sai an yi awa huɗu. Na koyi wannan da hawaye a lokacin da nake koyon aiki. Na yi mako biyu ina jiran gunguna, da na rina sai na ga faranta cike, kamar ban ɗumama kome ba. Da aka gwada ma'aunin ruwan da wani ingantacce, ashe yana nuna 43 alhali ruwan 42 da rabi ne. Rabin digiri ya cinye rabin zafin da na ɗauka na bayar.

Sai batun lokaci. Faranti ya nuna cewa zafi ya fi ƙarfafa haske idan an ba da su tare ko dab da juna, kuma amfanin yana raguwa da kowace awa da ta shiga tsakani. Ya kuma nuna wani abin mamaki a 1975, lokacin da Gerner da Schneider suka ɗumama ƙwayoyin HeLa, suka bar su suka huta, suka sake ɗumama su, sai suka tarar sun yi taurin kai. Ƙwayar da ta sha zafi ta tsira takan ƙera wasu furotin masu kare ta, ta yi kwana biyu ko uku tana jurewa. Wannan ne dalilin da ya sa asibitoci suke ba da haske kwana biyar a mako, amma zafi sau ɗaya ko biyu kawai. A ƙarshen shekarun 1980 kuma Terence Herman da Beverly Teicher a Bostan suka yi ta jujjuya jerin ukun a ƙwayoyi da ɓeraye, suka ga cewa canza wanda ya riga wani yana canza sakamako.

Abin Da Faranti Ba Ya Gani

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙwaya a faranti ba ta da jijiyar jini, ba ta da garkuwar jiki a kewaye da ita, kuma ruwa yana ɗumama ta ko'ina daidai. A jikin mutum jini yana kwashe zafi kamar yadda iska take huce kunu, sai wani gefen ƙarin ya kai 42 wani gefen yana 39. Gwaje-gwajen asibiti da aka buga a Amurka a farkon shekarun 1990 sun ba da kunya, kuma da aka bincika aka ga cewa manyan ƙari da yawa ba su sami zafin da aka nufa ba. A ɗaya ɓangaren, jiki yana da alherin da faranti ya ɓoye: ɗumi matsakaici yana ƙara gudun jini cikin ƙari, ya kai masa oksijin da magani, haske ya ƙara kaifi.

Akwai kuma tambayar da ta fi kowace: naman lafiya fa? Haɗin da ya ninka kisan ƙwayar daji sau biyu, ya kuma ninka ɓarnar hanji da mafitsara sau biyu, bai ƙara wa majinyaci kome ba. Don haka mai gwaji na kirki yakan sa ƙwayoyin lafiya a gefe su sha abin da na daji suka sha. Har ila yau dole ya tabbatar da asalin ƙwayoyinsa, domin tun 1966 Stanley Gartler ya fallasa cewa ƙwayoyi da yawa da ake nazari da sunan wasu gaɓoɓi, ashe HeLa ce ta faɗa cikinsu ta mamaye.

An yi ta ƙoƙarin kusanto da faranti ga mutum. A 1977 Hamburger da Salmon suka shuka ƙwayoyin da aka ciro daga majinyaci kai tsaye, don a gwada masa magani kafin a ba shi. Hanyar ta fi iya faɗin maganin da ba zai yi aiki ba a kan wanda zai yi. Daga 2009, bayan aikin Sato da Hans Clevers a Holan, aka iya renon 'yan curin nama masu kama da gaɓar da aka ciro su, kuma yanzu ana gwada haske da magani da zafi a kansu.

Hukuncin Asibiti

To, me majinyata suka samu? A 1995 Jens Overgaard na Denmak da abokansa suka ba da rahoto a kan wata sankarar fata: bayan shekara biyu, ƙarin da bai dawo ba kashi 28 cikin 100 ne da haske kaɗai, kashi 46 idan an haɗa da zafi. A 2000 Jacoba van der Zee da tawagarta a Holan suka buga sakamakon mata 114 masu sankarar bakin mahaifa: bayan shekara uku, kashi 27 cikin 100 ne suke raye a cikin waɗanda suka sami haske kaɗai, kashi 51 a cikin waɗanda aka ƙara wa zafi. Shekara guda kafin nan, a 1999, gwaje-gwaje biyar sun riga sun tabbatar da amfanin haɗa sisfilatin da haske a wannan ciwo. A 2018 kuma, a gwajin mata 245 masu sankarar ƙwan mace, wanke ciki da sisfilatin mai ɗumi lokacin fiɗa ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 34 zuwa kusan 46.

Haɗa ukun gaba ɗaya fa? A 2005 an ba da rahoton mata 68 a Amurka da Norwe da Holan, inda ƙarin ya ɓace a jikin 61. Sai dai babu rukunin kwatanci. A 2016 wani gwaji a Japan mai mata 101, wanda yake da rukunin kwatanci, bai nuna tabbataccen bambanci a tsawon rai ba. Ke nan biyu-biyu sun sami shaida mai ƙarfi, na uku-uku kuwa shari'arsa tana gaba.

Namu Rabon

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa, 350,000 suka mutu, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na farko, kada wani ya koma gida ya ce an faɗa a jami'a cewa zafi yana maganin daji. Zafin da na yi bayani awonsa rabin digiri ne, ana bin sa da ma'auni a cikin nama, kuma mataimaki ne ga haske da magani. Sakiya, ko ɗora dutse mai zafi a kan kumburin nono, ƙuna ce da gyambo, da ɓata watannin da ya kamata a ce an yi su a asibiti.

Na biyu, rigakafi ya fi magani. Ƙwayar cutar HPV ce take haddasa kusan dukan wannan sankara, har ma an sami zaren gadonta a cikin ƙwayoyin HeLa. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara allurar rigakafinta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Idan mun je hutu, mu zauna da iyayenmu mu yi musu bayani da harshen da suke ji, mu kuma ƙarfafa wa yayyenmu da innoninmu guiwar zuwa a duba su tun ba su ji ciwo ba.

Na uku, ga 'yan'uwana masu karatun kimiyya. Wannan gwaji yana bukatar akwatin ɗumi, da wutar da ba ta yankewa, da hannu mai tsabta, da ma'auni na gaskiya, da mutumin da zai ƙirga gungu ya rubuta abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba. Huɗun farko sai hukuma ta taimaka, kuma haƙƙin ƙungiyarmu ne ta riƙa tambaya a kansu. Na biyar ɗin yana hannunmu tun daga ajin farko.

Shugaban taro, na ga abokina na tarihi bai yi barci ba, don haka zan tsaya tun ina da riba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa ilminmu ya amfani jama'a.